Baikon Laraba

Mamata tana da wata 'ya da ta fi so a kaina, kuma ba mutum ba ce. Laraba ce, ranar nan da ke tsakanin Talata da Alhamis. Na tashi ina jin haushin ranar nan kamar yadda ake jin haushin 'yar lele a gida, kuma abin da na fi nema a wajen Mama tun ina ƙarama bai wuce ta ba ni Laraba ɗaya tak ba. Ban taɓa roƙonta ɗan kunne ko takalmin Kirsimeti da irin nacin da na roƙi wannan ba.

Mu Hausawa ne, kuma Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. A Agege sai ka yi ta maimaita wannan bayanin har bakinka ya gaji, don Bayarabe yana jin ka yi Hausa ya gama yanke maka addini, Bahaushe kuma yana ganinka da littafin waƙoƙi ranar Lahadi sai ya tambaye ka wane yare kake. Baba ne ya fara zuwa Ikko, ya sami gadi a wani sito a Ijora, daga baya ya je ya ɗauko Mama, ni kuma ina goye. Muka sauka a gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya, kicin ɗaya, rigima kuwa ta kowa da kowa. Mama ta kafa tandar waina a bakin layin dogo, kuma da wainar nan aka yi mana kusan komai.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Mama ba ta kiran sunana. Kunyar 'yar fari ce, haka uwarta ta yi mata, haka aka yi wa uwar tata. "Ke!" take ce mini, ko "yarinyar nan", in kuma ranta ya yi fari ta ce "'yar nan". Ƙannena maza biyu kuwa sunansu take rangaɗawa tun daga bakin titi. Ban ɗauki abin da zafi ba a lokacin, don duk 'yar farin da na sani a unguwar haka take.

A majami'armu, abin da mutum ya ɗauka daga cikin nasa ya ba Allah, baiko muke ce masa. Ana waƙa, ana zagayawa da kwano, kowa ya sa baikonsa. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa baiko ɗaya suka sani, wato na yarinyar da aka tsayar wa miji, aka raba goro da alawa. To akwai wata Hajiya da ɗakinta ke kallon namu, mai sayar da kayan miya, mace mai murya, mai son mutane, wadda ba a gama magana ba ta sa baki. Ba ta daɗe da tarewa a gidan ba aka yi wa ɗanta haihuwa, suna ya faɗo ranar Laraba. Ta zo har ƙofarmu ina tsugune ina wanke tanda, ta ce Mama ta toya mata wainar suna, mai yawa, kuma ba za ta yi ciniki ba, duk abin da Mama ta faɗa shi ke nan.

Mama ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Laraba kam na riga na yi baikonta."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Laraba? Ikon Allah! Ashe kina da wata 'yar a gida ba ki taɓa faɗa ba? To wannan da kike wa kunya ba ita ce ta fari ba ke nan? Wa aka ba?"

Mama ta ce, "Allah na ba."

Sai Hajiya ta zauna a kan bokitinmu, ta hau salati. "Wayyo, rasuwa ta yi? Ana cikin baikon? Allah ya ji ƙanta, baiwar Allah, shi ya sa nake ganinki shiru-shiru."

Aka daɗe kafin a kwance wannan ƙullin. Da Hajiya ta gane rana ake nufi ba yarinya ba, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta bi ɗaki-ɗaki tana ba da labari. Wainar sunan dai wata Bayarabiya aka kai wa, ta kuma yi tauri. Daga ranar nan na sami yaya a gidan. In na yi kwalliya a ce, "Ai ba ki kai yayarki Laraba kyau ba." In Mama ta dake ni a ce in yi haƙuri, ita Laraba ba a taɓa ta. Ina dariya tare da su, amma a cikina ba dariya nake ba.

Baba ne ya ba ni asalin labarin, don Mama ba mai dogon bayani ba ce. Ya ce a ƙauye in an yi girbi, kafin a zuba dawa a rumbu sai an ware dami na goma a kai majami'a, kuma ba a zaɓar mai ƙaiƙayi. Shekararsu ta farko a Ikko aka yi sujadar godiya ta kaka, masu hali suka shigo da doya da buhunan shinkafa suna rawa, Mama kuwa abin da ke ƙulle a bakin zaninta ko kuɗin danfo, motar hayar garin, bai kai ba. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Washegari ta ce masa ita ta yi tunani, ba ta da gona a garin nan, gonarta ita ce kwanakin mako. Baba ya ce ai ga Lahadi nan tana bayarwa. Ta ce Lahadi ta Allah ce tun asali, ba a yi wa mutum kyauta da kayansa. Daga cikin sauran, waɗanda aka ba ta amana ta nemi abinci da su, za ta cire ɗaya.

Abin da ya fi ba Baba haushi shi ne ranar da ta zaɓa. A wajen tandarta Laraba ce ranar ciniki, don ranar ce manyan motoci suka fi saukewa a kusa, direbobi da 'yan dako su yi layi da yunwarsu, kafin hantsi ƙullu ya ƙare. Litinin kuwa sai ta dawo da saura. Ya ce, "To ki ba da Litinin mana, ai duk rana ce." Ta ce masa in zai kai wa babban mutum kaza, mai mura zai kama? Baba ya ce daga nan ya haƙura, don ya san matar da ya aura.

Ba wai ta daina ba da na kuɗin ba ne. Duk Lahadi akwai abin da take kwancewa daga bakin zani, ba ta taɓa bari mu gani ba. Amma Laraba ita ce babban baikonta. Tun Talata da yamma ake ganewa, don robar da ake jiƙa shinkafa tana nan a kife, gero ne a ruwa. Da asuba ta dama kunun tsamiya ta cika babban flas, ta ɗaura wani shuɗin zani da ba ta sawa sai ranar, ta ɗauki jaka mai sabulu da ƙaramin tawul da abin yanke farce, ta fita. Marasa lafiyar da ba su da kowa take bi, a asibiti ko a ɗakunan da aka yi mata kwatance. Wani ɗan majami'a ne daga Filato, wani ɗan ci-rani ne da ko inda majami'a take bai sani ba. Ba ta tambaya. Ba ta dawowa sai bayan la'asar, ƙafarta a kumbure.

Mu kuma a gida mun san kuɗin Larabar nan da ba ya shigowa. Mun san shi a takalmin makaranta da ake kai wa mai gyara har ya ce shi kam ya gaji, mun san shi a miyar da ake tsinkawa da ruwa. Wannan duk na iya haɗiyewa. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da aka yi bikin ba da kyaututtuka a makarantarmu, ina aji shida, na zo ta ɗaya a lissafi. Laraba ce. Na roƙe ta tun mako yana farawa, na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin tuwo. Baba yana bakin aiki, ogansa ba ya ba da rana. Aka kira ni na hau na karɓi littafina, iyayen wasu suna ta tafi, na duba ƙasa ban ga nawa ba. Da yamma na miƙa mata littafin, ta goge hannu a zani ta karɓa, ta juya shi, ta ce, "To madalla. Ɗebo mini ruwa."

Sau ɗaya na taɓa bin ta, ina 'yan mata lokacin, ana hutu, hannunta yana ciwo ta ce in riƙe mata flas. Na bi ta ina kumbure-kumbure. Muka shiga ɗakin maza a wani asibiti, ta nufi gadon wani ɗan dako daga kasuwar Mile 12 da buhun albasa ya karya wa ƙafa. Abokan aikinsa sun kawo shi sun koma neman abinci, danginsa suna can Arewa ba su ma sani ba. Ba ya jin Yarabanci, ba ya jin Turanci, ma'aikatan jinya suna yi masa magana yana kallon bango.

Abin da na gani ranar ban taɓa mantawa ba. Matar nan da a gida ba ta zama, kullum a tsaye, kullum da faɗa a baki, sai ga ta ta ja kujera ta zauna kamar ba ta da sauran aiki a duniya. Ta kira sunansa. A hankali ta kira shi, ta sake kira, har ya juyo. Ta tambaye shi jiki, ta tsaya ta ji amsar har ƙarshe. Ta zuba masa kunu, ta jiƙa tawul ta goge masa fuska da wuya, ta ɗauki hannunsa ta yanke masa farce ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsa garinsu da abin da suke nomawa. Da ma'aikaciya ta zo, Mama ta juya mata bayaninsa da Yarabancinta na bakin tanda, ta juyo masa da amsa. Bai ce ta yi masa addu'a ba, ita ma ba ta ce za ta yi ba, sai da muka fito ta tsaya a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Inna yake ce mata. Haka muka bi gado-gado, kowa da sunansa a bakinta, ba ta rikita ko ɗaya ba.

Ni fa ba tausayi ne ya kama ni ba, gaskiya. Haushi ne. A cikin danfo muna dawowa na ce, "Mama, su kam duk kin san sunansu."

Ta dubi taga. Ta ce, "Ke, riƙe flas ɗin nan da kyau, zai faɗi."

Shekaru suka wuce, na yi karatun koyarwa, na sami aji a wata firamare a nan Agege. Na haɗu da wanda zan aura a ƙungiyar mawaƙan majami'a, makanike ne, mutumin ƙasar Zazzau, mai haƙuri har yana ba ni haushi. Mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin ne waliyyinsa, shi kuma fataucin tumatir yake. Yana isowa Mile 12 da kaya ranar Talata, ya sayar, ya bi mota ya koma ranar Laraba da yamma, don tumatir ba ya jiran kowa. Saboda haka da aka zo tsayar da ranar baikona, dattijon ya aiko cewa shi dai Laraba da hantsi yake da ita. Baba ya amsa, ya ma roƙi wani abokin aikinsa ya riƙe masa gadi. Ni kuma na ce a raina, to yau ga ni ga yayata, za a ga wadda aka haifa.

Na same ta tana tsince shinkafa. Na durƙusa, na yi ladabi iya ladabi, na ce, "Mama, an sa Laraba."

Ta ce, "Na ji."

"To za ki zauna ko?"

"Zan dafa komai kafin in fita. Hajiya tana nan, matan zumuntar majami'a za su zo."

Na ce, "Haba Mama! Baikona ne fa. Sau nawa za a yi?"

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Ke da za a yi wa baiko jibi, in an raba goronki, wani ya zo washegari da mota da kuɗi, ubanki zai karɓa?"

Na ce a'a.

"To ita ma an raba goronta tun kina goye."

Nan fa na manta da durƙuso. Na miƙe na ce mata ai Allah ba ya jin yunwa, ba zai mutu don an ɗauki Laraba ɗaya ba. Na ce marasa lafiyar nan in ba ta je ba ai za su ga Alhamis. Na ce ta faɗa mini tsakani da Allah, ni ce 'yarta ko Laraba? Muryata har tsakar gida, Hajiya ta leƙo ta koma. Mama ta ci gaba da tsince shinkafarta, amma na ga tana zubar da mai kyau tare da tsakuwa.

Ranar ta zo. Kafin gari ya waye ta gama tuwo da miyar taushe da dambun nama, har da wainar da ban taɓa ganin ta toya ranar Laraba ba, ta jera komai ta rufe. Sannan ta ɗaura shuɗin zaninta ta ɗauki flas. Ina kallonta ta labule har ta tsallaka layin dogo. Baƙi suka zo, maza suka zauna a tabarma a ƙofar gida suka yi maganarsu, aka yi addu'a, aka buɗe goro. Gwaggon angon ta shigo wajen mata ta ce, "Ina uwar yarinya, mu gaisa?" Hajiya, Allah ya saka mata, ta yi farat ta ce, "Ke ma dai kin sani, 'yar fari ce. Kunya ta kore ta, ta bar mana gidan." Gwaggo ta yi dariya ta ce ai haka ake so, halin mutanen dauri ke nan. Kowa ya gamsu, aka ci abinci aka yaba. Ni kaɗai na san ba kunyata ce ta fitar da ita ba.

Ta dawo bayan la'asar, baƙi sun watse. Baba ya miƙa mata goro da alawa. Ta karɓa da hannu biyu, ta dubi bango ta ce, "Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya." Na juya mata baya.

Har yau ban ce ta kyauta ba. Na yi ta juya abin a raina shekara da shekaru, a sujada, a aji, a cikin go-sulo. Na san koyarwar, ni ma na koyar da ita ga yara ranar Lahadi, cewa lokaci da kuɗi ba namu ba ne, amana ce, za a tambaye mu. Amma 'ya ma ai amana ce. Wa ya ce a cika waccan a tauye wannan? Na taɓa faɗa wa Baba haka. Ya gama gyara tocilarsa, sannan ya ce uwata ba ta iya rabi da rabi ba. Ya ce ta san kanta, ta san garin nan. In ta ɓalli Laraba ɗaya don suna, gobe za ta ɓalli wata don kuɗin haya, jibi don biki, kowane dalili kuma mai kyau ne, kafin shekara ta zagayo babu abin da zai rage. Ya ce a Ikko komai na sayarwa ne, har barcin mutum, ita kuma tana son ta riƙe abu ɗaya da ba shi da farashi. Na gane maganarsa sarai, amma ganewar ba ta rage mini zafi ba.

Aka yi aure, muka kama ɗaki a ɗaya gefen layin dogo, tafiyar ƙafa daga gidanmu. Ina zuwa gaishe ta, tana aiko mini da waina, amma maganar Laraba ban ƙara yi mata ba. Na cire rai. Ko cikin da na samu a shekara ta biyu, da na ga awon asibiti yana faɗowa Laraba, ban ko gaya mata ba, na riƙa tafiya ni kaɗai.

Cikin ya kai watanninsa, na haihu ranar wata Juma'a. Namiji ne, kuma bai zo da rai ba. Ban ga fuskarsa sosai ba, mijina da Baba da fasto suka kai shi makwancinsa. Aka sallame ni na dawo ɗaki da jiki irin na mai jego, nono yana zuba, ga kayan jariri a ninke a kan akwati babu wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukewa. Mutane suka yi ta zuwa. Kowa ya ce in yi haƙuri, Allah zai ba da wani, ni yarinya ce. Ina amsawa da ka. Ban yi kuka ba, abin ya ƙi fitowa.

Mama tana zuwa kullum in ta sauke tanda. Ta hura wuta, ta dafa ruwan wanka, ta gasa mini jiki, ta dama kunun kanwa, ta wanke abin da ke buƙatar wanki. Duk a tsaye, duk da sauri, idonta a ƙasa. "Ke, tashi ki sha tun da zafi." "Ke, juya." Abin da ya kamata uwa ta yi babu wanda ta bari, amma ba ta zauna ba, ba ta kuma ambaci yaron ba. Ranar Talata ta gama ta ce sai an jima, ta tafi. Mijina ya ce zai koma gareji washegari, tunda Mama tana zuwa. Na ce masa ya tafi abinsa, amma kada ya sa rai, gobe ranar yayata ce. Ya ce to ya zauna? Na ce ya tafi, ba na son ganin kowa.

Da safe ya fita. Na kwanta na juya fuska bango, ina jin jirgin ƙasa yana wucewa, masu burodi suna kira. Can na ji sallama a bakin ƙofa, irin ta baƙo, ana jira a amsa. Mama ba ta sallama a ɗakina, turo ƙofa take ta shigo da faɗanta. Na ce a shigo, ban juyo ba.

Na ji an ajiye abu a ƙasa, na ji ƙarar murfin flas. Sai katifa ta lotsa a bayana, an zauna. Sannan aka kira sunana.

Ban amsa ba, don ban gane ba. Na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su tare ba. Ta sake kira, a hankali, yadda na ji ta kira ɗan dakon nan. Na juyo. Tana zaune a bakin gadona da shuɗin zaninta, jakar sabulu a cinyarta, tana kallona ido cikin ido.

Ta ce, "Yaya jikin?" Kuma ta tsaya tana jiran amsa.

Na buɗe baki in ce da sauƙi, sai abin da ya ƙi fitowa tun Juma'a ya ɓalle. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, da majina da shessheƙa, ina cewa ko kukansa ban ji ba, ko sunan da na tanada ban kira shi da shi ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta tambaye ni wane suna ne, na faɗa mata, ta maimaita shi. Ta jiƙa tawul ta goge mini fuska da wuya. Da na ɗan lafa ta zuba mini kunu ta riƙe kofin har na shanye, sannan ta ɗauki hannuna ta ɗora a gwiwarta ta fara yanke mini farce. Hannunta duk tabon mai ne.

Na ce, "Mama, yau fa Laraba ce."

Ta ce, "Na sani."

"Marasa lafiyarki fa?"

"Na aika musu da kununsu."

Na ce, "To kin karya baikon ke nan. Saboda ni."

Ta girgiza kai, ba ta ɗago daga farcen ba. Ta ce, "Ban karya ba. Kullum in na fito ina tambayar mai ranar inda zan je. Yau nan ya ce."

Ta gama da wannan hannun ta hure shi. Ta sake kiran sunana, ta ce in miƙo ɗayan.